Kyamarar tarko da ambaliya: Ruwa ba sa'an kwando ba ne

Duk lokacin da damina ta kankama, hankalin jama'a kan koma ga ambaliya, da gidajen da take rushewa, da gonakin da take shanyewa, da gadojin da take tafiya da su. Hakan shi ne daidai, domin rayuka da dukiyar al'umma su ne a gaba. Amma a wannan mako ina so mu duba wata asara da ba a cika jin ta a labarai ba, wadda ke faɗa wa ma'aikatan gandun daji, da masu binciken namun dawa, da ɗaliban jami'a masu aikin digiri a fannin dabbobi da muhalli. Asarar kuwa ita ce ta kyamarar tarko, tare da duk abin da ta kwashe makonni tana tarawa a cikinta.

Ga wanda bai san ta ba, kyamarar tarko wani ɗan akwati ne na roba mai tauri, wanda bai fi a riƙe shi a hannu ɗaya ba. Ana ɗaure shi a jikin bishiya a cikin daji, a tafi a bar shi. Yana da ido mai jin ɗumin jiki, don haka duk dabbar da ta gitta ta gabansa sai ya ɗauki hotonta. Da dare kuma yana haska wurin da wani irin haske da idon mutum ba ya gani. Ƙananan batura yake ci, galibi guda 8 ko 12, yana kuma adana hotunan a katin memori. Tunanin ba sabo ba ne. Tun wajen shekarun 1890 wani Ba'amurke mai suna George Shiras yake ɗana igiya a hanyar dabbobi, in sun taɓa ta kyamara ta ɗauka, kuma a 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa. Duk maharbin da ya taɓa ɗana tarko a turbar gada zai gane dabarar nan take.

A yau babbar kasuwar wannan na'ura tana hannun mafarautan Amurka, masu son sanin inda barewa ke bi kafin lokacin farauta ya zo. Amma amfaninta mafi girma yana wajen masana. A ƙidayar damisar Indiya mai zane ta shekarar 2018, an ɗana kyamarori a wurare sama da 26,000, aka samu hotuna kusan miliyan 35, kuma da taimakonsu aka ƙiyasta cewa ƙasar tana da damisa 2,967. A nan gida Najeriya, a cikin 2018 aka fitar da hotunan da irin waɗannan kyamarori suka ɗauka a gandun dajin Gashaka Gumti da ke tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, a wani aiki da gidan namun daji na Chester da ke Ingila ya tallafa, har aka ga damisa da ƙaton ɗankunya, dabbar nan mai sulke a jiki. A 2020 kuma ƙungiyar WCS ta fitar da hotunan garken gorila da 'ya'yansu daga tsaunukan Mbe a Jihar Kuros Riba, alhali irin wannan gorilar ba su fi kimanin 300 ba a duniya. Hoto irin wannan shi ke zama hujjar da ake nema wa daji kariya da kuɗi.

To, tambayar ita ce, yaya wannan akwati yake idan ruwa ya ci shi? Mai sayarwa zai ce maka ba ya jin ruwa, zai ma nuna maka rubutu a jikin kwali. A ganina rabin gaskiya ya faɗa. Mafi yawan kyamarorin nan an ƙera su ne don su jure ruwan sama da ke dukansu yana gangarewa. Ba a ƙera su don su kwana a ƙarƙashin gulbi ba. Wanda ya kasa bambanta waɗannan abubuwa biyu, shi ne zai dawo bayan damina ya tarar da akwatinsa cike da laka.

Abin da ya sa matsalar ta yi tsanani shi ne wurin da ake ɗana kyamarar. Dabba ba ta rabuwa da mashaya. Mai son ganin giwa ko ɓauna a Yankari ya san cewa da rani bakin kogin Gaji suke taruwa, haka kuma lamarin yake a bakin kogin Oli a gandun dajin Kainji. Saboda haka mai bincike yakan nufi bakin ruwa, da ƙoramu, da fadamu. Sannan don ya kama manya da ƙananan dabbobi gaba ɗaya, yakan ɗaure kyamarar ƙasa-ƙasa, daidai gwiwar mutum, wato kamar santimita 30 zuwa 50 daga ƙasa. Wurin da ya fi ko'ina albarkar hoto da rani, shi ne wurin da ruwa ke fara cinyewa da damina, kuma tsayin gwiwa ba wani abu ba ne a wurin ƙoramar da ta kawo.

Akwai hanyar da mai saye zai san gaskiyar abin da ke hannunsa, wato lambar da ake rubutawa bayan haruffan IP. Wani ma'auni ne na ƙasa da ƙasa mai suna IEC 60529. Lamba ta farko, daga 0 zuwa 6, tana nuna yadda na'ura ke tare ƙura. Ta biyu ita ce ta ruwa. In an rubuta 4, ma'anarsa na'urar tana jure fantsamar ruwa. In 5 ce, an gwada ta da feshin tiyo mai fitar da kimanin lita 12 da rabi a minti ɗaya. In 6 ce, an gwada ta da feshi mai ƙarfi na lita 100 a minti, daga nisan kamar mita 3, na aƙalla minti 3. Sai an kai 7 ake maganar nutsarwa, ita ma a zurfin mita 1 ne na minti 30 kacal. Lamba 8 kuwa ta wuce haka, amma kamfani ne ke fayyace zurfin da tsawon lokacin. Galibin kyamarorin tarko da ke kasuwa suna tsakanin IP54 da IP66 ne. Wato wadda aka rubuta wa IP66, duk da girman lambar a ido, ba a yi alkawarin za ta tsira daga nutsewa ko na minti ɗaya ba.

Ko wadda take da IP67 ɗin, a duba yadda aka yi gwajin. Sabuwar na'ura ce fil, aka saka ta a hankali cikin ruwa mai tsabta da ke tsaye cik, aka ciro ta bayan rabin awa. Ambaliya kuwa ruwa ne mai gudu, mai ɗauke da laka da yashi da itace, kuma yakan kwana biyu, ko mako, ko fiye, kafin ya janye. A zurfin mita ɗaya kawai, ruwa yana danna kowane murabba'in santimita na jikin akwatin da nauyin kusan giram 100, dare da rana ba hutu. Duk wata 'yar kafa da ruwan sama zai bi ta kanta ya wuce, wannan dannawar sai ta gano ta.

Kafofin kuwa suna da yawa, domin akwati ne da dole a riƙa buɗe shi. Ƙofar da ake sa batir da kati tana dogara ne da wani siririn zoben roba da ke zagaye da bakinta. Zafin rana yakan busar da robar ta tsattsage, kuma ƙwayar yashi ɗaya, ko silin ciyawa, ko gawar tururuwa da ta maƙale a kanta lokacin rufewa ta isa ta bar hanya. Akwai ramin na'urar ɗaukar sauti. Akwai mashigar wayar wuta a ƙasan akwatin, wadda ɗan murfin roba ne kawai ke toshe ta, kuma sau da yawa akan manta da shi a buɗe. Wasu kyamarorin ma da gangan aka yi musu 'yar kafar shan iska don kada matsi ya taru a ciki. Sannan akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Idan rana ta gasa akwatin, iskar da ke ciki takan buɗe, wata ta fita. Da zarar ruwa mai sanyi ya rufe shi, sai iskar ta tsuke, akwatin ya shiga zuƙo abin da ke kewaye da shi kamar mai shan fura da tsinke.

Idan ruwa ya shiga, ba shi kaɗai ke yin ɓarnar ba, da taimakon baturan yake yi. Ruwan gulbi yana ɗauke da gishiri-gishiri da ke sa wuta ta bi ta cikinsa. Muddin batura suna ciki, wuta za ta riƙa ratsa ruwan tsakanin siraran layukan tagulla da ke kan allon na'urar, tana cinye su, har wani koren tsatsa ya fito. Batura na gama-gari kuma in sun jiƙa suka daɗe sukan yi yoyon wani sinadari mai cin ƙarfe, ya lalata maɗauransu. Lakar da ta shiga takan kwanta a bayan gilashi da kan idon jin ɗumi, ta bushe a can. Shi ya sa kyamarar da aka ciro bayan awa biyu tana iya farfaɗowa, amma wadda ta yi mako uku a jiƙe da batura a cikinta da wuya ta sake aiki.

Ban da ambaliya mai zuwa da rugugi, akwai wani abokin gaba mai zuwa a ɓoye, wato laima. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido. Idan aka buɗe kyamara da tsakar rana a dajin da iskarsa ke cike da danshi, aka rufe, to an kulle wannan danshin a ciki. Da sanyin asuba ya sauka sai ya koma raɓa a bayan gilashi da kan allo. Hotuna su riƙa fitowa da hazo, na'urar ta riƙa ɗauka ba dalili ko ta ƙi ɗauka sam, a hankali tsatsa ta gama da ita ba tare da kogi ya taɓa ta ba. Masu aiki a dazuzzuka masu yawan ruwan sama sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke sa 'yan ƙunshin silika a ciki, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani, masu tsotse danshi. Sai dai su ma suna ƙoshi, dole a riƙa sauya su ko a gasa su su bushe kafin a mayar.

Akwai labari mai daɗi a cikin duk wannan. Katin memori ya fi kyamarar taurin rai nesa ba kusa ba. Ba shi da batir, ba shi da abin da ke motsi a ciki, kuma ƙwaƙwalwarsa a lulluɓe take. Sau da yawa akan ciro kyamara ta mutu murus, amma a ɗauraye katin da ruwa mai tsabta, a bar shi ya bushe sarai, a sa a kwamfuta, hotuna su fito. Saboda haka wanda ambaliya ta ci kyamararsa kada ya yanke ƙauna ya ƙi komawa nemanta. Kyamara ana sayen wata, amma hoton damisar da ta gitta a daren 12 ga wata ba a sake ɗaukar sa.

Ita ma kyamarar tana da taimakon gaggawa. Babban kuskure shi ne a kunna ta don a ga ko tana aiki, domin kunnawar ce ke ƙarasa ta. A cire batura nan take, a cire kati, a buɗe duk abin da ke buɗuwa. Tunda ta riga ta jiƙa da ruwan laka, ɗauraye ta da tataccen ruwa ya fi a bar lakar ta bushe a ciki. Daga nan a kai wa ƙwararren mai gyaran waya ya wanke allon da sinadarin da suke wanke allon waya, a shanya ta a inuwa inda iska ke kaɗawa na kwanaki, ba a bakin murhu ko a tsakiyar rana ba. Maganar binne na'ura a cikin shinkafa kuwa, wadda ta zama ruwan dare, ba ta da wani amfanin kirki, har kamfanin Apple ya gargaɗi masu wayoyinsa su daina, saboda ɓarɓashin shinkafar na iya shiga ya ƙara ɓarna. Kuma ko kyamarar ta tashi, a gwada ta a gida na kwanaki kafin a sake dogara da ita a daji, domin tsatsa takan ci gaba da aiki a ɓoye.

Duk da haka rigakafi ya fi magani, kuma a nan ne nake ganin muna da arzikin da ba ma amfani da shi yadda ya kamata. Daji yana rubuta tarihin ruwansa a jikinsa. Akwai shatin laka a jikin bishiyoyi, akwai busasshiyar ciyawa da yayi da ke maƙale a rassa sama da kan mutum, akwai gaɓar da ruwa ya zaftare a bayan lanƙwasar kogi, inda bishiya kan faɗi da saiwarta. Wanda ya iya karanta waɗannan ba zai ɗaure kyamara a ƙasansu ba. Wanda bai iya ba kuwa, ga masunta, ga maharba, ga makiyaya, ga tsofaffin masu gadin daji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sarkin ruwan ƙauye zai nuna maka reshen da ruwan bara ya taɓa, ya kuma gaya maka ƙoramar da kan kawo cikin dare ko da ba a yi ɗigon ruwa a wurin ba, saboda ruwan da aka yi a kan tsaunuka can nesa. A ƙasa mai duwatsu kamar Gashaka wannan sani ya fi kowace lamba da ke jikin kwali daraja. Abin takaici, mai bincike yakan ɗauki ɗan ƙauye a matsayin mai ɗaukar kaya da nuna hanya kawai, ba ya tambayarsa inda ya dace a ɗana.

Sai dai shatin bara ma ba ya isa shi kaɗai. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun wuce abin da mazauna bakin Neja da Binuwai suka saba gani, kuma a watan Satumbar 2024 ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ta shanye unguwannin Maiduguri har da gidan namun dajin birnin. Don haka a ƙara tazara a kan shatin da aka gani. A kuma riƙa bin hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon shekara, da hasashen ambaliya na hukumar NIHSA, da sanarwar sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru ga masu aiki a kwarin Binuwai. Waɗannan bayanai kyauta ne, karanta su kawai ake bukata.

Wani zai ce to me zai hana a kwashe kyamarorin duka da zarar damina ta faɗi? Wasu haka suke yi, kuma a wasu wurare ba makawa. A dajin Mamiraua da ke yankin Amazon na ƙasar Brazil, ruwa yakan tashi kimanin mita 10 duk shekara, ya rufe ƙasan dajin na watanni, har damisar can takan koma zama a kan bishiyoyi. A irin wannan wuri ba mai barin kyamara a tsayin gwiwa. Amma kwashewa gaba ɗaya tana da nata farashi. In muka riƙa ɗana kyamara da rani kawai, to dabbobin rani za mu sani. Ba za mu san inda suke gudu in ruwa ya kore su ba, ko wane tudu suke fakewa, ko ta wace gona suke bi, alhali a lokacin ne sukan yi karo da manoma, a lokacin ne kuma masu farautar sata suka fi samun sarari saboda hanyoyin sintiri sun yanke. Labarin da muka fi bukata yana faruwa ne a lokacin da kyamara ta fi shiga haɗari.

Mafita a ganina ita ce a raba ƙafa. Kyamarori masu tsada a mayar da su kan tudu da damina, a hanyoyin da dabbobi ke bi in sun bar fadama. A bakin ruwa kuma a bar masu araha, a ɗaga su sama da shatin ruwa a karkato da fuskarsu ƙasa, tare da rubuta cewa an sauya tsayin, domin kyamarar da ke sama takan rasa ƙananan dabbobi, kuma bai kamata a haɗa lissafinta da na rani ba tare da la'akari da haka ba. A ɗaure su da igiyar ƙarfe a bishiya mai ƙarfi. Igiyar ba ta hana jiƙa, amma tana hana ruwa tafiya da katin. A riƙa sauya kati akai-akai tun kafin watan Agusta ya shigo, yadda ko an yi asara ba za ta wuce ta mako biyu ba. A kuma saita wasu su riƙa ɗaukar hoto duk awa ko da ba abin da ya gitta, domin ta haka kyamarar za ta rubuta tashin ruwan da kansa, dabarar da masu nazarin koguna ke amfani da ita don sanin lokacin da ƙorama ta kawo da tsayin da ta kai. Akwai masu aiko da hoto ta layin waya nan take, waɗanda da sun rage wannan fargaba, sai dai yawancin dazuzzukanmu ba su da sabis.

Kirana na ƙarshe ga hukumomi da jami'o'i ne. Waɗannan na'urori da dala ake sayo su, daga ƙasa da dala 100 zuwa sama da dala 400 kowace ɗaya, kuma galibi da kuɗin tallafi ko na gwamnati. Jami'in da ke rubuta takardar sayayya ya daina wadatuwa da kalmar "mai jure ruwa", ya rubuta lambar IP da yake bukata, ya kuma karanta sharuɗɗan garanti, domin kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar nauyin ɓarnar ambaliya. A ware kuɗin silika, da man shafa wa zoben roba, da katunan canji, da man babur ɗin mai zuwa dubawa, da ladan mutumin ƙauyen da zai nuna shatin ruwa. Waɗannan ƙananan abubuwa su ake fara yankewa in kasafi ya yi ƙaranci, alhali su ne ke tsare manyan. Malamin da ke duba aikin ɗalibi kuma ya tambaye shi tun kafin ya shiga daji, ina ruwa yake kaiwa a wurin nan, kuma wa ya gaya maka? Ɗalibin da ambaliya ta cinye masa kyamarori goma a watan Satumba ya rasa bayanan damina guda, kuma sai ya jira wata shekarar kafin ya sake samun irinsu, ga kuɗin makaranta na ƙaruwa a kansa.

Wanda ke da kyamarori a bakin ruwa a yanzu haka, ina ba shi shawara kada ya jira ƙarshen wata. Ya je ya sauya katunan, ya duba zoben robar, ya ɗaga kai ya nemi shatin bara.